Me ya hana a auna abubuwa biyu a lokaci guda a kimiyyar kwantum?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a aji uku a sashen fiziks, kuma a wannan zangon karatu ne muka shiga kimiyyar kwantum gadan-gadan. Akwai wata mas'ala da ta tsaya mini a rai, wadda nake roƙon masu sani su warware mini ita.

An koya mana cewa ba a iya auna matsayin elektron da momentam ɗinsa (wato nauyinsa sau gudunsa) a lokaci guda da cikakken daidaito. Amma da muka zo babin atam ɗin haidurojin, sai ga shi ana ba elektron guda ɗaya lambobi uku tare, wato n da l da m, ana cewa makamashinsa da girman momentam ɗinsa na juyawa da kuma ɓangaren wannan juyawa a kan layin z duk sanannu ne a lokaci ɗaya. Da muka nemi dalili, sai aka ce mana ma'aunin shi ne a duba ofaretocin abubuwan biyu, wato alamomin lissafin da ke wakiltarsu, a kira su A da B: idan AB daidai yake da BA to ana iya auna su tare, idan kuwa sun saɓa to ba a iyawa. Lissafin bai gagare ni ba, ina iya fitar da shi a jarrabawa. Abin da ban gani ba shi ne alaƙar da ke tsakanin jerin ninkawa a kan takarda da na'urorin da ke ɗakin gwaji.

Sannan mene ne zai hana ni ɗauko na'urori biyu, ɗaya ta matsayi ɗaya ta momentam, in kunna su a daƙiƙa ɗaya? Ai kowacce za ta nuna wata lamba, tunda na'ura ba ta san an haramta mata aiki ba. Shin matsalar kaushin kayan aikinmu ce, kamar yadda ake ba da labarin madubin ƙara girma na Heisenberg inda haske yake ture elektron, ko kuwa abin ya wuce nan? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta yi ma'ana, kuma ina ganin hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye matsayi da momentam tukuna a koma ga sifin, wato wani irin momentam na juyawa da ƙwaya take ɗauke da shi a karan kanta, domin a can sakamako biyu kacal ake samu, babu inda ruɗani zai ɓuya.

A shekarar 1922, a birnin Frankfurt na Jamus, Otto Stern da Walther Gerlach sun turara azurfa a cikin tanda mai tsananin zafi, suka bar atam ɗinta suka fito ta wata siririyar tsaga, suka ratsa tsakanin bakunan maganaɗisu wanda ƙarfinsa bai daidaita daga sama zuwa ƙasa ba, sannan suka faɗa kan farantin gilashi. Da tsohuwar fahimta ce gaskiya, da an ga shafaffen tabo guda ɗaya mai faɗi. Abin da aka gani shi ne kwararar ta rabu gida biyu, wasu sama wasu ƙasa, babu na tsakiya. Sai bayan 1925, da Uhlenbeck da Goudsmit suka kawo batun sifin na elektron, aka gane ainihin abin da gwajin ya auna.

Yanzu ka jera irin wannan na'ura guda uku a zuciyarka. Ta farko tana raba atam sama da ƙasa, wato a kan layin z. Ka toshe na ƙasa, ka bar na sama su wuce. Idan ka sake shigar da su wata na'urar ta z, dukkansu sama za su yi, ko sau nawa ka maimaita. Wannan shi ne tabbataccen hali: halin da idan aka auna wani abu a cikinsa amsa ɗaya ake samu kullum. To, maimakon haka, ka kwantar da na'ura ta biyu ta koma raba su dama da hagu, a kan layin x. Rabi za su yi dama, rabi hagu. Ka ɗauki na dama kawai ka mayar da su na'urar z. Hankali zai ce maka duk sama za su yi, tunda ka riga ka zubar da na ƙasa tun farko, amma sai ka tarar rabi sun yi sama rabi sun yi ƙasa. Babu wata dabara da za ta ba ka kwarara wadda duk atam ɗinta tabbas sama ne kuma tabbas dama ne.

Ga inda lissafi yake haɗuwa da ɗakin gwaji. A ce akwai hali wanda A take da tabbatacciyar ƙima a, B kuma take da tabbatacciyar ƙima b. Idan ka sa AB a kan wannan hali za ka sami ab, idan ka sa BA za ka sami ba, kuma lambobi ba su damu da wanda aka fara ninkawa ba. Saboda haka idan irin waɗannan halaye suna da yawan da za a iya gina kowane hali daga cikinsu, dole AB ta zama daidai da BA. Juyin maganar ma gaskiya ne: idan ofaretocin sun jitu, wato AB daidai take da BA, ana iya samo cikakken jerin halayen da suka tabbata ga su biyun. John von Neumann ya ƙara nuna cewa a irin wannan yanayi akwai wani abin awo na uku wanda A da B duk ake cirowa daga gare shi, wato awo ɗaya ne kake yi ka karanta amsa biyu. A wurina wannan ita ce ma'anar aunawa tare mafi tsabta, kuma agogo bai shigo cikinta ba.

Haidurojin ɗin da ka ambata haka yake. Makamashi da murabba'in momentam na juyawa da ɓangarensa na z duk sun jitu da juna. Sai dai ka lura da wani abu da ɗalibai kan tsallake. Idan ka auna makamashi ka sami −13.6 na elektron-bolt, ka san n = 1, kuma l da m dole sifiri ne. Idan kuwa ka sami −3.4, wato n = 2, akwai halaye huɗu masu wannan makamashi, ba a ma lissafa sifin ba, kuma elektron zai iya kasancewa a gauraye tsakaninsu. Jituwa ba ta ce sanin ɗaya ya ba ka ɗayan ba. Abin da ta ce shi ne auna l bayan makamashi ba zai rusa abin da ka sani game da makamashin ba.

Dalilin da ya sa ɓangarorin juyawa na x da y da z ba su jitu ba kuwa kana iya ganinsa da hannunka. Ka kwantar da littafi a kan tebur, bangonsa na kallon sama. Ka tayar da shi tsaye bangon ya fuskance ka, sannan ka juya shi kwata ɗaya saɓanin tafiyar hannun agogo idan aka duba daga sama: zai ƙare a tsaye, bangon na kallon damanka. Ka mayar da shi ka sauya jeri, ka fara juya shi kwata ɗaya yana kwance, sannan ka tayar da shi: zai ƙare a kan ƙashin bayansa, bangon na kallonka. Juyi iri ɗaya ne guda biyu, amma jeri ya sauya sakamako, kuma ofaretocin momentam na juyawa daga wannan siffa ta sarari suka gaji saɓaninsu.

'Yar Lissafi ta amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayanin ya gamsar. Ina so in ɗora a kai ta fuskar labarin madubin da ɗan'uwa ya ambata, domin a ganina wannan labari ya fi kowane abu ɓatar da ɗalibai.

Gaskiya ne Werner Heisenberg, a takardarsa ta 1927 da ya rubuta yana Kopenhegen, ya yi misali da madubin da ke amfani da haske mai gajeren zango ƙwarai, ya ce gwargwadon yadda ka ga wurin elektron da kyau, gwargwadon yadda hasken zai ture shi. Amma ƙa'idar da ke cikin littafinka, wadda ta ce warwatsuwar matsayi sau warwatsuwar momentam ba za ta gaza ħ/2 ba (ħ ita ce tsayayyar lambar Planck da aka raba da 2π), Earle Kennard ne ya tabbatar da ita a wannan shekarar, kuma babu maganar turewa a cikin hujjarsa ko kaɗan. Howard Robertson ya faɗaɗa ta a 1929 ta shafi kowane abin awo biyu, inda iyakar ta zama rabin girman matsakaicin AB − BA a halin da ake magana. Ga yadda ake gwada ta: ka shirya elektron dubu ɗari a hali iri ɗaya, ka auna matsayi kawai a kan rabinsu, ka auna momentam kawai a kan sauran rabin, kowane da na'urar da ba ta da aibi. Babu elektron ɗaya da aka auna sau biyu, don haka babu awon da ya dami wani awo. Duk da haka sakamakon kowane rukuni zai warwatsu, kuma ninkin warwatsuwar biyu ba zai sauka ƙasa da iyakar ba. Magana ce a kan irin halin da za a iya shiryawa, tun kafin na'ura ta taɓa komai.

Lambobi za su nuna girman abin. Ƙimar ħ kusan 1.055 × 10⁻³⁴ ce a ma'aunin jul sau daƙiƙa. Idan aka tsare elektron a sararin da bai wuce 10⁻¹⁰ na mita ba, wato kimanin faɗin atam, warwatsuwar gudunsa ba za ta gaza kilomita 580 a daƙiƙa ba. Idan kuwa ƙwayar yashi ce mai nauyin miligiram ɗaya, aka san wurinta da daidaiton kashi ɗaya cikin miliyan na mita, abin da zai fito kusan 5 × 10⁻²³ na mita a daƙiƙa ne kawai, wanda babu na'urar da za ta gan shi.

Akwai kuma wani gyara da nake so ɗan'uwa ya riƙe, saboda masu jarrabawa suna son sa. Rashin jituwa bai hana a sami hali ɗaya ko biyu da abubuwan biyu suka tabbata a cikinsa ba, abin da ya hana shi ne a sami cikakken jerinsu. A halin haidurojin mafi ƙasa, inda l = 0, ɓangarorin momentam na kewayawa na x da y da z duk sifiri ne tabbas, ko da yake ofaretocinsu ba su jitu ba. Matsayi da momentam ne ba su da irin wannan mafita, domin saɓaninsu, wanda Max Born da Pascual Jordan suka rubuta a 1925, lamba ce tsayayya, iħ (i ita ce lambar da murabba'inta yake −1), wadda ba ta zama sifiri a kowane hali.

Injiniyan Haske ya amsa:

Gaisuwa ga Malam da Malama. Ni aikina ya fi karkata ga na'urori, kuma ina ganin har yanzu ba a amsa wa ɗan'uwa rabin tambayarsa ba, wato me zai faru idan ya kunna na'urori biyun tare. Amsar ita ce ana yin hakan, kuma ba sabon abu ba ne.

A 1965, Arthurs da Kelly na ɗakunan binciken kamfanin Bell a Amurka sun yi lissafin ainihin wannan yanayi: ƙwaya ɗaya, ma'auni biyu da aka haɗa da ita a lokaci guda, ɗaya na bin matsayi ɗaya na bin momentam. Allurar ma'auni na farko da ta na biyu abubuwa ne daban, ofaretocinsu sun jitu, don haka babu abin da ya hana a karanta su tare. Sai dai abin da kowace allura ta nuna ba tsantsar ƙimar ƙwayar ba ce, akwai hayaniyar da na'urar ta ƙara, kuma ba a iya kashe hayaniyar bangarorin biyu gaba ɗaya. Sun nuna cewa ninkin warwatsuwar lambobin da za a karanta ba zai gaza ħ ba, wato ninki biyu na iyakar da Malama ta kawo. Masu aikin haske suna cin karo da wannan kullum idan suka raba haske gida biyu da gilashi domin su auna ɓangarorin kaɗawarsa biyu tare, kuma ƙarin hayaniyar yana shigowa ne ta ɗaya ƙofar gilashin, wadda ake ganin kamar babu komai a cikinta.

Da na'urar Stern da Gerlach ma ana iya nuna wannan ciniki. A ce kana son amsar z da ta x daga atam ɗaya. Ka jefa kwabo: idan ya faɗi ta fuska ɗaya ka karkata maganaɗisun digiri 45 zuwa dama, idan ta ɗaya fuskar ce ka karkata shi digiri 45 zuwa hagu. Atam ɗin da ya fita ta kusurwar sama da dama ka rubuta masa “sama, dama”, wanda ya fita ta ƙasa da hagu ka rubuta “ƙasa, hagu”, haka ma sauran kusurwoyin biyu. Ga shi ka sami amsa biyu daga awo ɗaya. Amma idan ka gwada na'urar da atam ɗin da ka san tabbas sama suke, kashi 85 cikin ɗari kawai za ta faɗi daidai, haka ma idan ka gwada ta da na dama. Paul Busch ya nuna a 1986 cewa idan ana son kaifin awon ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, wannan ce iyaka, babu na'urar da za ta wuce ta.

A nan ne na ɗan saɓa wa Malama, domin ban ga ya kamata a yar da maganar turewa gaba ɗaya ba. Tambaya ce mai zaman kanta, kuma masana sun yi ta ja-in-ja a kanta har cikin wannan ƙarni. Masanao Ozawa na Japan ya nuna a 2003 cewa idan aka fassara kuskuren awo da girgizar da yake haddasawa ta wata hanya, ninkinsu zai iya sauka ƙasa da abin da ake jingina wa Heisenberg, sai ya kawo wata ƙa'ida mai ƙarin sassa. A 2012 ƙungiyar Yuji Hasegawa a Biyana ta gwada haka da sifin na nutron, ƙungiyar Aephraim Steinberg a Toronto kuma ta gwada da foton, sakamakon ya bi lissafin Ozawa. Shekara guda bayan haka Busch da Lahti da Werner suka fito da hujjar cewa idan aka auna ingancin na'ura ta la'akari da mafi munin halin da za ta iya fuskanta, maganar Heisenberg tana nan daram. Ɓangarorin biyu ba su yi kuskuren lissafi ba, ma'anar kuskure ce kowa ya ɗauka daban. Jaridu a lokacin sun yi ta cewa an karya ƙa'idar rashin tabbas, alhali ƙa'idar Kennard da Robertson babu wanda ya taɓa ta.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na ga bambancin shirya hali da auna shi. Amma wata dabara ta faɗo mini. A ce ƙwayoyi biyu sun fito daga wuri ɗaya ta yadda jimillar momentam ɗinsu sifiri ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu sananniya ce. Idan na auna momentam na ta farko, na san na ta biyu ba tare da na taɓa ta ba. Sai in auna matsayin ta biyu kai tsaye. Ashe ban sami duka biyun ba ke nan, kuma da cikakken daidaito?

Tsohon Malami ya amsa:

Ɗana, wannan dabara ita ce kusan wadda Albert Einstein da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka kawo a 1935, don haka ba ƙaramin wuri ka taka ba. Farkon maganarka daidai ne, kuma ka gwada lissafin da kanka: bambancin matsayin ƙwayoyin biyu da jimillar momentam ɗinsu sun jitu, domin ƙwaya ta farko tana ba da iħ, ta biyu tana ba da −iħ, sai su kashe juna. Saboda haka halin da ka siffanta halal ne a lissafi, kuma awo biyun da za ka yi, ɗaya a kan kowace ƙwaya, su ma sun jitu. Lambobi biyu za su shiga littafinka.

Abin tambaya shi ne me lambobin za su yi maka. Da zarar ka auna matsayin ƙwaya ta biyu da kaifi, idan ka koma ka auna momentam ɗinta ba za ka sami lambar da ka ciro daga ta farko ba, sakamakon zai warwatsu kamar yadda atam ɗin dama suka sake rabuwa sama da ƙasa. Ba ka shirya halin da abubuwan biyu suka tabbata a cikinsa ba, kuma ba za ka iya hasashen awo na gaba da lambobin biyu tare ba. Heisenberg da kansa ya yarda cewa ana iya lissafa irin waɗannan lambobi game da abin da ya riga ya wuce, ya ce ƙa'idarsa ba a kan baya take magana ba.

Su Einstein sun tsaya ne a kan cewa tunda ana iya sanin kowanne daga nesa ba tare da taɓawa ba, to ƙwayar tana ɗauke da ƙimomin biyu tun asali, kimiyyar kwantum ce kawai ta gaza faɗinsu. Kusan shekara talatin ana ɗaukar wannan a matsayin gardamar falsafa, har John Bell ya nuna a 1964 cewa idan ƙimomin suna nan tun asali, kuma awon da aka yi a wuri ɗaya bai shafar na nesa nan take, to akwai iyakar da daidaituwar sakamakon ɓangarorin biyu ba za ta wuce ba, kuma kimiyyar kwantum ta yi hasashen za a wuce ta. John Clauser da Stuart Freedman sun gwada a 1972, Alain Aspect da abokan aikinsa suka ƙara tsaurara gwajin a Faransa a 1982, aka tarar an wuce iyakar. A kan wannan aiki ne Clauser da Aspect da Anton Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel ta fiziks a 2022.

Kafin ka koma aji, ka ɗauki matiriks na Pauli na x da na z, waɗanda ke wakiltar sifin a kan layukan biyu, ka ninka su ta jeri biyun ka ga abin da ya rage, sannan ka yi haka ga ƙwayoyi biyu: x na farko sau x na biyu a gefe ɗaya, z na farko sau z na biyu a ɗaya gefen. Za ka tarar waɗannan biyun sun jitu ko da yake sassansu ba su jitu ba. Ka nemo halaye huɗun da suka tabbata ga su biyun ka kawo mana nan, sai mu duba tare.